Zafin Da Ake So Da Zafin Da Ake Tsoro: Darasin Lantarki Daga Kujerar Mota A Haɗejiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota a Haɗejiya cikin watan Disamba ko Janairu ya san abin da ake kira jaura. Iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta ratsa fadamu, ta iske direbobin a-kori-kura sun riga sun yi lodin tattasai ko bandar kifi ko buhunan shinkafa daga Auyo da Guri da Kirikasamma, suna jiran a idar da sallar asuba su kama hanyar Kano. A irin wannan lokaci ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, alhali kuwa a watan Afrilu yakan haura digiri 40 a wuri guda ɗin.

Da yawa daga cikin motocin nan sun tsufa. Akwai tsofaffin Peugeot irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, akwai kuma Toyota Hilux da makamantanta. Idan kujerar irin wannan mota ta yage, soso ya zube, mai ita yakan nemi ta gwanjo a kasuwannin kayan gyara, irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, inda ake samun kujerun da aka ciro daga motocin Turai da Amurka. Wasu daga cikin kujerun nan sukan zo da tarin wayoyi a ƙarƙashinsu, domin an ƙera su ne su riƙa matsawa gaba da baya da lantarki, su kuma ɗumama jikin wanda ya zauna. Nan take sha'awa takan taso a ce wa mai rewaya ya jona su.

Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa idan aka ɗora wa tsohuwar mota sabon nauyin lantarki. Manufarta ita ce a nuna cewa zafin da ke ɗumama bayan direba da zafin da ke tayar da gobara a mota abu ɗaya ne, doka ɗaya ce ke tafiyar da su. Bambancinsu kawai shi ne wurin da zafin ya fito, da kuma ko akwai abin da ke tsare da shi.

Abin Da Ke Cikin Kujerar

Kujera mai ɗumi ba sabon abu ba ce a ƙasashe masu sanyi. Kamfanin Cadillac na Amurka ya sa ta a wasu motocinsa a 1966, shi kuwa kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya mai da ita abin yau da kullum a motocinsa tun farkon shekarun 1970. Idan aka yaye rigar kujerar za a tarar da wata 'yar shimfiɗa tsakanin riga da soso, wadda aka ɗinke siririyar waya a cikinta, ta yi ta kai da komo kamar kunyoyin gona. Wannan waya ita ce ke ɗaukar zafi idan lantarki ya bi ta cikinta. A jikin shimfiɗar akwai ɗan ƙaramin ma'aunin zafi da bai fi ƙwayar gero biyu ko uku ba, wanda za a kira shi ɗan tsaro a nan, domin aikinsa shi ne ya sa a yanke wuta idan ɗumi ya kai inda ake so.

A ƙarƙashin kujerar kuma akwai ƙananan injinan lantarki, daga biyu zuwa huɗu ko fiye, masu tura ta gaba da baya, ko sama da ƙasa, ko kwantar da majingina. Sa'an nan a kujerun da aka ƙera tun daga tsakiyar shekarun 1990 akan sami jakar iska ta kare haɗari a gefen majingina. Kamfanin Volvo ne ya fara sa ta a 1994. Wayoyinta galibi launin ɗorawa ne, kuma za a sake komawa kansu a gaba.

Kogi Da Waya

Ɗalibin da ya tashi a bakin Kogin Haɗejiya yana da misalin lantarki a gabansa kullum. Ruwa ba ya gudu sai da gangara. Abin da ke matsayin gangara a lantarki shi ne ƙarfin turi, ana kuwa auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta wani wuri a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne kwatankwacin gudun lantarki, wanda ake aunawa da amfiya. Abu na uku shi ne tirjiya, wato duk abin da ke hana gudu, ana auna ta da om. Manoma da masunta na yankin sun san yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan da madatsun Tiga da Challawa, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992, suka canja yanayin zuwan ruwa. Hanya mai faɗi tirjiyarta kaɗan ce, matsattsiyar hanya mai kacalla kuwa tirjiyarta da yawa. Haka waya take: mai kauri tana barin lantarki ya wuce cikin sauƙi, siririya ko mai tsatsa tana tirje masa.

Wani masani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana dangantakar abubuwan nan uku a 1827:

bolt = amfiya × om

Yawan aikin da lantarki ke yi a daƙiƙa kuma ana auna shi da wat:

wat = bolt × amfiya

A ɗauka, alal misali, shimfiɗar ɗumi ta kujera ɗaya wat 60 take ci, a motar da batirinta ke ba da bolt 12. Idan aka raba 60 da 12 za a sami amfiya 5. Idan kuma aka raba 12 da 5 za a ga tirjiyar shimfiɗar om 2.4 ce. Kujeru biyu za su ja amfiya 10 ke nan.

A nan ne misalin kogi ya tsaya. Ruwan da kacalla ta tare yakan yi ambaliya ya shiga gonaki, amma ƙarfin lantarkin da tirjiya ta tare ba ya malala ko'ina. Rikiɗa yake yi ya zama zafi a daidai wurin da aka tare shi.

Dokar Zafi

James Joule, mutumin Ingila, ya nuna a 1841 cewa zafin da waya ke fitarwa shi ne:

wat = amfiya × amfiya × om

Abin lura a nan shi ne amfiya ta fito sau biyu. Idan gudun lantarki ya ninka biyu, zafi zai ninka huɗu. Idan ya ninka uku, zafi zai ninka tara.

Wannan doka ita ce ke sa kujera ta yi ɗumi, domin da gangan aka ba wayar shimfiɗa tirjiya. Amma dokar ba ta san bambanci tsakanin wayar shimfiɗa da wayar da ta kawo mata wuta daga batir ba. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1 tana da tirjiyar kimanin om 0.0175 a kowace mita. A ɗauka mai rewaya ya ja waya mai tsawon mita 5, kaurinta murabba'in milimita 0.5, irin wadda ake jona rediyo da ita. Tirjiyarta om 0.175 ce. Injinan kujera sukan ja lantarki mai yawa idan sun tura kujera ta kai maƙura ko ta cije, shi ya sa masu ƙera motoci kan ware musu fis na amfiya 20 zuwa 30. Idan amfiya 20 ta bi ta siririyar wayar nan, lissafi zai zama 20 × 20 × 0.175, wato wat 70. Wayar da ke ɓoye ƙarƙashin shimfiɗar ƙasan mota ta fi kujerar kanta fitar da zafi ke nan, ga shi kuwa robar da ke lulluɓe da ita takan fara lalacewa da zarar zafi ya wuce na tafasar ruwa. Da a ce an yi amfani da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da tirjiya ta sauka zuwa om 0.035, zafin kuma ya tsaya a wat 14, ya bazu a tsawon mita biyar ba tare da wata ɓarna ba. Araha dai ba ta ado.

Dokar ta kuma bayyana wani haɗarin. Yawancin manyan motoci, gingimari da tirela, da bolt 24 suke aiki. Idan aka jona musu shimfiɗar da aka yi domin bolt 12, gudun lantarki zai tashi daga amfiya 5 zuwa 10, zafi kuma daga wat 60 zuwa 240. Soso da yadi ba za su jure wannan ba.

Fis Da Rile

Idan robar waya ta goge, jan ƙarfen ya taɓa jikin mota, lantarki ya sami hanyar komawa batir wadda kusan ba ta da tirjiya. Batirin mota yana iya ba da ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, domin da haka yake juya injin. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan waya za ta yi ja kamar garwashi. Maganin wannan shi ne fis, wato ɗan siririn ƙarfe da aka yi shi domin ya riga waya narkewa, ya yanke hanya. Fis irin mai ƙafa biyu da ke cikin motocin yanzu ana gane ƙarfinsa da launi: ja amfiya 10, shuɗi 15, ɗorawa 20, kore 30.

Abubuwa biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe. Na farko, waya fis yake karewa, saboda haka da kaurin waya ake zaɓensa. Fis na amfiya 30 a kan siririyar waya ba shi da amfani, domin waya za ta ƙone ta bar shi lafiya lau. Na biyu, dole ne a sa shi dab da kan batir, kamar taƙi ɗaya, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta. Al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba a gurbin fis ɗin da ya ƙone daidai take da korar mai gadi saboda ya yi ihun ɓarawo. Ruwa ba ya tsami banza. Fis ba ya ƙonewa sai da dalili.

Shi kuwa rile makunni ne da lantarki ke kunnawa. A cikinsa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan ɗan lantarki kaɗan, ƙasa da rubu'in amfiya ɗaya, ya bi ta cikinsa, sai ya jawo wani ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Ƙafafunsa suna da lambobi: 85 da 86 na naɗin waya ne, 30 na wutar da ta taso daga batir ta cikin fis, 87 kuma na abin da za a ba wuta. Amfaninsa a tsohuwar mota biyu ne. Yana ɗauke wa makunnin makulli nauyin da ba a yi shi dominsa ba, kuma yana yanke wa kujera wuta da zarar an kashe mota. Ba domin haka ba, batir mai ƙarfin amfiya 60 na awa ɗaya, idan aka manta kujeru biyu a kunne, ba zai wuce awa shida ba ko a lissafin takarda, kuma tun kafin nan zai kasa tayar da injin.

Ƙarfin Tsohuwar Mota

Batir rumbu ne kawai. Altaneta ita ce gonar da ke cika shi. A ɗauka altanetar wata tsohuwar a-kori-kura amfiya 45 take iya bayarwa. Manyan fitilu biyu masu wat 55 kowace suna cin kimanin amfiya 9. Ga ƙananan fitilu, ga wutar filogi, ga rediyo, ga ƙarin fitilun da direbobi kan sa saboda hazo, ga kuma abin da batir ke bukata ya maye gurbin wanda ya kashe wajen tayar da injin. Daɗin daɗawa, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan injin yana silo. Lokacin da ake bukatar kujera mai ɗumi, wato asubahin hunturu, shi ne daidai lokacin da fitilu ke kunne. Gwajin yana da sauƙi: a tayar da injin, a kunna kome da kome, a ɗora mita a kan batir. Idan ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5, altaneta tana riƙe da nauyin. Idan ta sauka ƙasa da 13, ana cin rumbu ne ba a zubawa.

Fatar Mutum Da Ɗan Tsaro

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas ne ke lura da wannan: idan zafi ya hau ya sa a yi gumi, idan ya sauka ya sa a yi makyarkyata. Ɗan tsaron da ke cikin kujera a kan wannan tsari yake aiki, wato a auna, a kwatanta da abin da ake so, a gyara.

Matsalar ita ce a kujerun zamani ɗan tsaro ba shi ke yanke wuta da kansa ba. Rahoto yake aika wa wata 'yar kwamfuta, ita kuma tana jiran umurni daga sauran kwamfutocin motar ta hanyar wani tsarin saƙonni da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Tsohuwar a-kori-kura ba ta jin wannan yare. Idan aka ba kujerar wuta ta ƙi motsi, sai a ga dabara ita ce a tsallake kwamfutar a kai wuta kai tsaye ga shimfiɗa. Kujera za ta yi ɗumi kuwa, amma babu sauran mai tsayar da ita.

Wani zai ce ai direba zai ji zafi ya kashe. A nan ilmin halittu yake da ta cewa. Jijiyoyin fata masu kai saƙon zafi mai ciwo sukan fara aiki ne a wajen digiri 43. David Julius, wanda ya gano sinadarin da ke wannan aiki a 1997, ya sami lambar Nobel a 2021. Tun a 1947 kuwa masana biyu, Moritz da Henriques, suka nuna cewa zafin digiri 44 yana ƙona fata idan ya daɗe a kanta kimanin awa shida, kuma daga nan zuwa digiri 51, ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da kusan rabi. Tazarar da ke tsakanin jin zafi da ƙuna ƙanƙanuwa ce ke nan. Bugu da ƙari, fata takan saba da ɗumin da ke hawa sannu a hankali, kuma nauyin mai zama yana matse ƙananan jijiyoyin jini waɗanda da su ne za su kwashe zafin su rarraba shi. Mai ciwon suga wanda jijiyoyinsa suka yi rauni, da wanda ya taɓa fama da kuturta, da mai shanyewar ƙafafu, da yaro ƙarami da barci ya kwashe, duk suna iya ƙonewa ba su sani ba. Saboda haka idan ba a sami na'urar da za ta karanta ɗan tsaro ta yanke wuta ba, abin da ya fi shi ne a bar shimfiɗar ba a jona ba.

Ruwa Da Ƙura Da Ɓera

Masu ƙera kujerun nan ba su yi su domin hanyoyin fadama ba. Da damina, balle a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, motocin yankin Haɗejiya sukan ratsa ruwa har ya shiga ƙasan mota, inda mahaɗan wayoyin kujera suke. Danshi yana kawo tsatsa, tsatsa tana ƙara tirjiya, tirjiya kuma zafi ce. Mahaɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda shi ne kacallar waya. Da rani kuma ƙura takan cika layin da kujera ke gudu a kai, injin ya yi ta fama, ya ja lantarki fiye da ƙima. Sai kuma ɓera, wanda ƙanshin hatsi da bandar kifi ke jawowa. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro muddin ransa, don haka dole ya yi ta gaigaya, robar waya kuwa tana cikin abin da yake samu.

Matakan Aiki

Wanda ya ƙudura yin wannan aiki ya kamata ya bi waɗannan matakai:

1. A cire kan batir mai alamar ɗebewa kafin a taɓa kowace waya.
2. A tabbatar ƙarfin turin motar ya yi daidai da na kujerar.
3. A ware wayoyi masu launin ɗorawa, a rufe bakinsu. Kada a gwada su da mita ko da batir, domin lantarki kaɗan ya isa ya fasa jakar iska a fuskar mai aiki.
4. A ja sabuwar waya mai kauri daga batir, kada a ɗosana a jikin ta fitila ko ta rediyo. A raba hanyar injina da ta ɗumi, kowace da fis ɗinta.
5. A sa rile wanda makulli ke kunnawa.
6. A kankare fenti da tsatsa a inda za a ɗaure wayar komawa a jikin mota, a ɗaure ta tamau da noti.
7. A sa zoben roba a duk hudar da waya ta ratsa ƙarfe, a kuma ɗaga mahaɗai daga ƙasan mota.
8. A ɗaure kujerar kanta da bel ɗinta a ƙarfe mai ƙwari, domin kujerar da za ta tsinke a haɗari ta fi sanyi illa.

Kammalawa

An ga yadda doka ɗaya take ɗumama kujera take kuma narkar da waya, an kuma ga cewa abubuwa uku ne ke raba amfani da asara: waya mai kauri, fis mai daidai, da ɗan tsaro mai aiki. Sanyin Haɗejiya bai wuce wata biyu zuwa uku ba, amma motar da ke ciyar da gida ana bukatarta shekara zagaye, kuma bai kamata garin neman gira a rasa ido ba. Idan mota ta kama da wuta a hanya akan ce tsautsayi ne. Sau da yawa kuwa lissafin da ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya yi a bayan littafinsa ya isa ya hango shi tun kafin a ɗaura waya. Wannan lissafi shi ne dai ake bukata wajen jona fanka ko fitila ko batirin sola a gida.

Aikin Aji

1. Malami ya zare sili ɗaya daga soson ƙarfe na wanke tukunya, ya ɗora shi a kan faranti na tangaran nesa da takarda, ya haɗa bakinsa biyu da batiran tocila biyu. Ɗalibai su lura da yadda yake yin ja ya tsinke, su faɗi wace na'urar mota ce ke aiki haka.
2. A jera kwano uku: ruwan sanyi, ruwan ɗumi, da tsaka-tsaki. Ɗalibi ya sa hannu ɗaya a na sanyi, ɗaya a na ɗumi na minti ɗaya, sa'an nan ya mai da su duka cikin na tsakiya. Me wannan ya nuna game da dogara ga fata a matsayin ma'aunin zafi?
3. Shimfiɗa mai wat 48 a kan bolt 12, amfiya nawa za ta ja, kuma om nawa ce tirjiyarta?
4. Mahaɗin waya ya yi tsatsa har tirjiyarsa ta kai om 0.2. Wat nawa na zafi zai fitar idan amfiya 10 ta bi ta cikinsa? Me ya sa fis ba zai ƙone ba a wannan hali?